Fomasiyon "neman kuɗi da waya" da ake yi nan Damagaram, ga abin da ke ciki

Jama'a salamu alaikum. Mutane da yawa sun tambaye ni a fada da kuma ta WhatsApp a kan fomasiyon nan na afiliyasiyo da ake ta tallatawa a sitatus, wai da gaske ne ko cuta ce, to maimakon in riƙa yi ma kowa bokal ɗai-ɗai gara in rubuta shi wuri guda kowa ya karanta. Ba zan kama sunan wurin ba balle na malamin, ba tozarta kowa na zo yi ba, kuma dai irin wannan aji yanzu ya yi yawa a gari, duk wanda ka shiga kusan abu ɗaya za ka tarar. Na biya kuɗina na zauna har aka gama. A gajarce ba cuta ba ce, ana koyarwa da gaske, amma maganar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin tallar, wai za ka fara samun jika 100 tun watan farko da wayarka kawai, wannan kam ba gaskiya ba ce, kuma ita ce ke sa yara suna cin bashi suna zuwa.

Kuɗin shiga jika 25 ne, sati biyu, daga bayan la'asar zuwa magariba, a wani ɗaki da ke saman siber. Wurin ba laifi wallahi, akwai benci da fanka da allon da ake haska darasi, in wuta ta ɗauke suna tada janareto ba a jira. Wifi ɗin ne dai da zarar kowa ya hau sai ya kwanta, dole ka koma kan forfe ɗinka, alhali an ce konneksiyo na cikin kuɗin.

Ga wanda bai san harkar afiliyasiyo ba, dillanci ne. Kamar dillalin kasuwar dabbobi ranar Alhamis, ragon ba nashi ba ne, kuɗin ba nashi ba ne, shi dai ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarshi. A intanet kamfani ne ke ba ka link mai ɗauke da lambarka, ka yaɗa shi, wanda ya danna ya sayi kaya ta nan sai a rubuta maka wani kaso. In an danna ba a saya ba, ba ka da ko dala. In an saya aka maida kayan, a cire la'adar. Wannan bayanin malamin ya yi shi da kyau tun ranar farko, ya zana a allo, har dattijon da ke zaune kusa da ni wanda bai daɗe da fara riƙe babbar waya ba ya gane.

Satin farko shi ne inda na ga amfanin kuɗina. An koya mana WhatsApp Business tun daga tushe, yadda ake jera kaya a katalog da farashinsu, yadda ake sa ma kiliya alama don ka san wanda ya tambaya kawai da wanda ya biya da wanda ke jiran kaya, da saƙon da ke amsawa da kanshi in kana barci. An nuna mana cewa jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda mutum 256 yake ɗauka kuma wanda bai ajiye lambarka ba saƙon ba zai je mishi ba, abin da ya sa wasu ke ta turawa suna mamakin shiru. An gargaɗe mu a kan tura talla ga lambobin da ba su san ka ba, don in suka yi ta kai ƙararka WhatsApp na iya rufe lambar gaba ɗaya, kuma lambar ita ce jarinka. Sai Canva na haɗa hoton talla da CapCut na yanka bidiyo, waɗannan mataimakin malamin ne ya koyar, yaro ne mai haƙuri sosai, yana bin benci-benci yana kama wayar mutum yana nuna mishi, kuma shi ne ya fi yin bayani da Hausa. Shi ne ma ya ce mana a garin nan bokal da ɗan bidiyo na minti ɗaya sun fi dogon rubutu aiki, don da yawa daga cikin masu kuɗin saye ba su karatun boko, kuma wanda ya ji muryarka ya ga fuskarka ya fi yarda da kai. Ni mai butikin caja da ekuter da murfin waya ne, wannan satin kaɗai ya gyara mini yadda nake nuna kayana, ba zan ɓoye ba.

Sati na biyu ne aka shiga abin da aka tara mu dominshi, kuma nan ne abin ya fara rawa. An ɗauki yamma guda cur ana maganar Amazon, yadda suka fara wannan tsarin tun 1996, yadda mutane a Amurka ke cin abinci da shi, aka buɗe shafin aka nuna mana inda ake rajista. Duk gaskiya ne. Abin da ba a tsaya a kai ba shi ne sharuɗɗan, sai da na koma gida na karanta su a natse. Dole ka nuna musu shafi ko fejin da kake da shi a fili mai abin karantawa ko kallo, sitatus ɗin WhatsApp bai isa ba. In ka yi rajista kana da kwana 180 ka kawo ciniki 3, in ba haka ba su rufe asusun. Wanda ya danna link ɗinka awa 24 kake da ita ya sa kayan a kwando, in ya wuce haka ya dawo da kanshi ya saya ba ruwanka. La'adar yawancin kaya tsakanin 1 ne zuwa 5 cikin ɗari, kaɗan ne ke kai 10. Kuma kuɗin wata ba su fitowa sai bayan kamar kwana 60 da ƙarewar watan.

To mu yi lissafi tare. A ce kaya na dalar Amurka 30 ne, la'ada 3 cikin ɗari, abin da zai zo maka bai cika dalar Amurka ɗaya ba, wajen sefa 500 ke nan. Kafin ka haɗa jika 100 ɗin da aka yi alkawari sai ka kawo ciniki kusan 200 cikin wata guda. Malamin da bakinshi ya ce cikin mutum ɗari da suka danna link, in ɗaya ko biyu suka saya ka yi ƙoƙari. Ke nan kana neman dannawa dubu goma zuwa dubu ashirin a wata, daga mutanen da ke da katin banki kuma Amazon na kai musu kaya har ƙofa. Don Allah a Birni ko Zango ko Garin Malam su wa ke nan? Masu sayen suna Amurka da Faransa, sai ka rubuta musu da Ingilishi ko Faransanci mai kyau, ka yi gasa da mutanen da suka shekara goma suna yi, ka jira watanni kafin Google ya fara nuna shafinka. Ban ce ba ya yiwuwa ba, akwai ɗalibin jami'ar André Salifou a ajinmu mai Ingilishi sosai da nake ganin in ya dage zai iya, amma aikin shekara ne ko fiye, ba na wata ba.

Haka aka kawo misalin Jumia, ita ma kasuwar intanet ce, alhali Jumia ba ta aiki a Nijar, tana Najeriya da Kodibuwa da Senegal da wasu ƙasashe. Wanda ke da mabiya a Kano ko Katsina zai iya gwadawa, mu da Hausa ta haɗa mu da su wannan dama ce ta gaske, bidiyon da ka yi a Damagaram ɗan Daura zai kalla ya gane tsaf. Amma nan ma sai maganar karɓar kuɗi ta taso, kuma ita ce babban ramin da na gani a fomasiyon nan, don minti kaɗan aka ba ta. Mu nan abin da muka sani NITA ne da Amana da Al Izza da Airtel Money, su kuwa manyan kamfanonin waje ba ta nan suke biya ba. PayPal, shafin aika kuɗi da karɓa ta intanet, na Nijar kana iya biya da shi, karɓa ce ba ta yiwuwa. Payoneer, shi ma shafin karɓar kuɗi daga waje ne, na son takardar shaidarka da asusun banki da sunanka, kuma yawancin yaran da ke ajin ba su taɓa shiga banki ba. Shafukan Najeriya da ake saida littattafan PDF da darussa, irin su Selar da Expertnaire, in naira za a biya ka sai da asusun can, asusun can kuma sai da BVN, wato lambar shaidar banki ta Najeriya, sai ka ga mutum ya sa asusun ɗan uwanshi na Kano, kuɗi su shiga hannun wani, sannan a bi ta ƴan canji su cire nasu, ga naira tun 2023 ta faɗi ƙwarai, lambar da ka gani a allo mai yawan sifili in ta zama sefa sai ta koma ƴar kaɗan. Wata baiwar Allah ta ɗaga hannu ta ce "Malam, to in na yi cinikin ta ina kuɗin za su iso ni?" sai ya ce "Hajiya ki fara samu tukuna, hanyar cirewa ba ta gagara." Ni wannan amsar ba ta yi mini ba ko kaɗan. Ita ce tambayar da ya kamata a fara amsawa kafin a karɓi jika 25 ɗin mutum, don wanda ya yi wata uku yana wahala sannan ya tarar kuɗinshi sun maƙale a shafi ba zai sake yarda da harkar ba har abada.

Akwai kuma kuɗaɗen da ba a faɗa a talla. An ce wayarka kawai, amma forfe fa? Mai ɗora bidiyo kullum yana saukar da darasi yana amsa mutane, forfe na sati ba ya kai mishi sati. Waya mai ƙaramin ciki CapCut na tsayar da ita. Ga fawabank saboda wuta, musamman lokacin zafi. Sannan aka zo darasin tallar Facebook mai biya, aka nuna mana yadda ake zaɓen gari da shekarun waɗanda za su gani, darasi mai kyau, kuma gaskiya ne ana iya farawa da kamar dalar Amurka ɗaya a rana, amma sai da katin Visa ko Mastercard, katin ma sayenshi ake a zuba mishi kuɗi, kuma tallar farko da ta biyu yawanci gwaji ne, kana biya ne don ka gane abin da ba ya aiki. Duk wanda zai shiga da niyyar yin talla mai biya ya ware kuɗin da in sun tafi ba zai shiga damuwa ba. In babu su, ya bar wannan ɓangaren tukuna.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ranar ƙarshe, bayan an raba atestasiyo an yi hotuna, sai malamin ya ce yana da albishir, duk ɗalibin da ya kawo sabon ɗalibi zai ba shi 40 cikin ɗari, jika 10 ke nan a kan kowane mutum, a take ta MyNita. Aka ba kowa lambarshi da hotunan talla da kaptur, wato hoton allon waya mai nuna kuɗi sun shigo, aka ce mu sa a sitatus. Sai a lokacin na gane kaptur ɗin da suka jawo yawancinmu, na tsofaffin ɗalibai masu cewa alhamdulillahi na samu jika 30 cikin sati, ba daga Amazon suka fito ba ko wani kamfani, kuɗin kawo mu ne. Ka ga abin da ɗan koyo zai fi saurin sayarwa shi ne fomasiyon da kanshi, don shi kaɗai ne ke da la'ada mai kauri, ana biya nan take, da sefa, ba banki ba canji. Ba zan ce irin MMM ba ne da ya rufe da kuɗin mutane a Najeriya ƙarshen 2016, a'a, nan akwai darasi na gaske da ake bayarwa kuma ba a ce ka zuba kuɗi su haihu ba. Amma ku duba, kafin yaro ya samu jika 10 ɗin nan sai ya maimaita ma abokinshi alkawarin jika 100 a wata, wanda shi kanshi bai gani ba. Abokin ya saida akuya ko ya karɓi kuɗin adashen mahaifiyarshi ya zo, shi ma a ƙarshe a ba shi lamba ya nemo wani. Damagaram gari ne da an san juna, yau ka ci jika 10, gobe kuna haɗuwa da mutumin a masallaci da wurin suna da wurin jana'iza. Kuma masu jika 25 na zubarwa a gari ba su da yawa, waɗanda suka fara ne ke kwashewa, na baya su tarar kowa ya riga ya ji.

Na same shi bayan an tashi, na ce "Malam, tsakaninka da Allah, kai watanka na farko nawa ka samu?" Ya yi ɗan shiru ya ce bai samu komai ba, ya yi watanni yana yi kafin la'adar farko ta shigo, kuma ko yanzu fomasiyo ne ke riƙe da shi fiye da link. Na ce to me ya hana a rubuta haka a talla, ya ce "ɗan uwa, in na rubuta haka wa zai zo?" Na ji daɗin da bai yi mini ƙarya ba, mutum ne mai kirki a mu'amala kuma ya san aikinshi, amma wannan gaskiyar a gaban aji ya kamata ya faɗe ta ranar farko, ba ni kaɗai a bakin matakala ba. Kuma ina ganin da ya rubuta ta mutane za su zo, ƴan kasuwa irina za su zo don satin farkon nan kawai.

Wani abu da ya ratsa cikin darasin da ban so ba, maganar kod promo na kamfanonin cacar ƙwallo, wato lambar da kake ba mutane su yi rajista da ita. Malamin bai ce mu yi ba, amma ya ambace shi a matsayin hanyar da ke biya da sauri, kuma na ga idon wasu samari ya buɗe. Ku sani yawancin wannan tsarin kasonka daga asarar waɗanda ka kawo ake cire shi, in sun ci ba ka da komai, in sun faɗi kai ka samu. Ban da haramcin caca da kowa ya sani, kana zaune kana fatan ƙannenka na unguwa su yi asara ke nan. Wannan bai kamata ya shiga aji ba sam.

Bayan an gama akwai gurup na WhatsApp da aka ce za a riƙa bibiyarmu. Da farko malamin na amsawa da wuri, daga baya da sabon aji ya fara sai amsa ta koma sai an kwana, mataimakin ne ke ɗan ƙoƙari har yanzu. Bidiyoyin da aka ba mu na bita duk da Faransanci ne kuma masu nauyi, wasu ma irinsu na nan kyauta a YouTube, wanda bai yi lakkwal mai zurfi ba bai amfana da su ba. Atestasiyon takarda ce mai kyau amma ba ta hukuma ba ce, kada wani ya shiga don ita. Gurup ɗin yanzu mafi yawa sun yi shiru, wasu sun fita, masu magana kuma rabi tallar sabon aji suke turawa.

Amma akwai waɗanda suka samu, kuma yadda suka samu ɗin shi ya kamata ɗan koyo ya duba. Ba ɗaya daga cikinsu da ya samu ta kamfanin waje. Wata yarinya ta je ta sami wata Hajiya mai turaren wuta da humra a unguwarsu suka yi magana, duk kwalbar da ta kawo mai saye tana da sefa 500, ta riƙa ɗaukar bidiyo mai tsabta tana bayani da Hausa tana sawa a sitatus da TikTok, yanzu har daga Yamai da Agadas ana aiko mata kuɗi ta NITA a sa kaya a motar Rimbo ko STM. Wani ya haɗa kai da mai saida fanel na sola da batir a kasuwar Dole, shi ciniki ɗaya in ya faɗa la'adarshi ta fi ta turare goma amma yana iya yin sati biyu bai ga ko ɗaya ba. Wani kilishi da takalman fata na dukawanmu yake nuna ma ƴan Damagaram mazauna waje. Ni ma na juya abin, na ba yara biyu daga ajin hotunan kayan butikina, duk wanda suka turo ina ba su nasu da yamma. Ba kuɗi ne masu yawa ba, wata ranar na forfe ne da shayi, wata ranar babu, wata mai kyau mutum ya haɗa abin da zai yi ɗinki ko ya taimaka da cefane. Amma kuɗi ne da ke shiga hannu, kayan kuma ka gan su da idonka ka san abin da kake yabo.

Shi ma wannan yana da nashi ciwon kai, tunda babu link da ke lissafi, amana ce kawai. Mai saye ya zo ta hannunka sau ɗaya, karo na biyu ya wuce kai tsaye wurin mai kaya, ko mai kaya ya ce ai wannan dama kiliyana ne. Dole ku yi magana tun farko a gaban shaida, nawa ne la'ada, ta ciniki na farko ce kawai ko har na gaba, yaushe ake biya, in an maido kaya ya za a yi, kuma ka riƙe kaye kana rubuta suna da rana. Wannan ko sau ɗaya ba a koya mana ba, alhali shi ne afiliyasiyon da ya dace da garinmu a yanzu, kuma da an ba shi kwana uku daga cikin kwanakin da aka kashe a kan shafukan waje da ɗalibai sun fi fita da abin yi.

To me ɗan koyo zai sa rai da shi? Watannin farko na tara mutane ne da koyon magana, ba na kuɗi ba. A ce kana da lamba 300 a waya, ba duka ke kallon sitatus ɗinka ba, cikin masu kallo kaɗan ne za su tambayi farashi, cikin masu tambaya da yawa za su ce sai ƙarshen wata su ɓace. Ƴan uwa da abokai za su saya sau ɗaya don kunya, daga nan sai ka nemo baƙi, su kuma baƙi sai sun daɗe suna ganinka kana nuna abu ɗaya kana faɗin gaskiyarshi har da aibinshi kafin su tura maka kuɗi. Wanda yau turare gobe kirifto jibi maganin ƙiba ba wanda zai ɗauke shi da muhimmanci. Za ka yi bidiyo ka wahala mutum ashirin su kalla. Za a yi satin da rezo zai hana ka ɗora komai. Kuma kada ka sa rai TikTok zai biya ka kuɗin kallo, tsarin nasu na biyan masu bidiyo bai haɗa da Nijar ba, abin da za ka samu daga kayan da ka sayar ne. In kana kabu-kabu ko ɗinki ko karatu ko tsaron shago ka riƙe abinka, ka ba wannan awa ɗaya ko biyu da dare, in bayan wata shida ya fara biyan forfe ɗinshi da kanshi har da ɗan saura to kana kan hanya.

Wa zan ce ya shiga? Mai butiki ko mai sana'ar hannu ko matar da ke saida kaya a gida, wanda jika 25 ba za ta girgiza shi ba, zai ƙaru da satin farko sosai, duk da a ganina jika 10 zuwa 15 ne daidai kuɗin abin. Wanda ke jin Faransanci kuma yana da haƙurin bincike zai iya samun rabin darasin kyauta. Wanda kuma ba shi da aikin komai, zai ci bashi ko ya saida wani abu don ya shiga da fatan ya biya a watan farko, don girman Allah kada ya shiga. In kuma ka nace, kafin ka biya ka tambayi malamin abu uku a gaban mutane, wane kamfani ne takamaimai ke biyan ɗan Nijar kuma ta wace hanya kuɗin ke isowa Zinder, kaptur ɗin da ake nunawa na saida kaya ne ko na kawo ɗalibai, sannan ya haɗa ka da tsohon ɗalibi ɗaya da ya wuce wata shida yana yi ka ji daga bakinshi.

Ƙanena ya matsa yana son shiga aji mai zuwa don abokinshi ya turo mishi lamba. Na ce mishi ya dakata, na zaunar da shi na nuna mishi katalog da Canva da abin da na koya, na haɗa shi da wani maƙwabcina mai saida agogo da tabarau suka yanka la'ada sefa 300 a kan kowane ɗaya, na ce ya yi wata uku a haka yana rubutawa a kaye. In ya riƙe, ni zan biya mishi darasin tallar Facebook kaɗai, don na tambayi mataimakin ya ce yana iya koyar da shi daban a kan jika 5.